Yaya James Meredith ya shiga Jami'ar Misisipi, kuma me ya sa sai da sojoji?

Sagiru_Fagge

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masana tarihin Amurka ce da masana shari'a. Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata tun 1954, amma James Meredith bai samu shiga Jami'ar Misisipi ba sai ranar 1 ga Oktoba 1962, shi ma bayan an kwana ana tarzoma har mutum biyu sun mutu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda doka ta riga ta ba shi gaskiya, da wace hujja jami'ar ta riƙa hana shi? Waɗanne matakai ya bi a kotu? Me ya lalace a daren tarzomar? Da ya shiga kuma, yaya ya yi karatun? Don Allah a warware mini dalla-dalla, ba labarin jarumtaka kawai ba.

Barista_Hadiza

Wa alaikumus salam Malam Sagiru. Bari in ɗauki ɓangaren shari'a.

Abu na farko, jami'ar ba ta taɓa rubuta wa Meredith cewa an hana shi don shi baƙar fata ne ba. Da ta rubuta haka da shari'ar ba ta kai wata guda ba, domin tun 1950, a shari'ar Sweatt ta Texas da ta McLaurin ta Oklahoma, Kotun Ƙoli ta riga ta karya wariya a karatun gaba da digiri, sannan hukuncin 1954 da ka ambata, wanda ake kira hukuncin Brown, ya rufe zancen gaba ɗaya. Saboda haka sai aka koma ga ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai, waɗanda a takarda ba su ambaci launi ba amma a aikace baƙar fata ba zai iya cika su ba.

Meredith haifaffen Kosciusko ne a jihar Misisipi, ya yi aikin sojan sama daga 1951 zuwa 1960, ya dawo ya shiga kwalejin Jackson State ta baƙaƙen fata. A Janairun 1961 ya nemi canjin makaranta zuwa jami'ar jiha da ke garin Oxford (ba ta Ingila ba, wani ƙaramin gari ne a arewacin Misisipi). Da ya aika takardunsa ya faɗa musu a fili cewa shi baƙar fata ne. Ranar 4 ga Fabrairu rajistara Robert Ellis ya buga masa waya ta talgiram cewa an rufe ɗaukar ɗalibai saboda cunkoso. Wannan ita ce hujja ta farko.

Ta biyu, dole mai neman shiga ya kawo wasiƙun shaida daga tsofaffin ɗaliban jami'ar. An kafa wannan ƙa'ida ne jim kaɗan bayan hukuncin Brown. To duk tsofaffin ɗaliban farar fata ne, kuma a Misisipi ta wancan zamani wanda ya sa hannu ga baƙar fata ya san abin da zai biyo baya a kasuwancinsa da cocinsa. Meredith ya kawo wasiƙu daga mutanen kirki baƙaƙen fata, aka ce ba su aka nema ba. Ta uku, bayan ya riga ya nema sai aka fito da sabuwar ƙa'ida cewa ba a karɓar canji sai daga makarantar da ƙungiyar tantance kwalejoji ta Kudu ta amince da ita, alhali an san Jackson State ba ta cikinta a lokacin. Kun ga jiha ce ke riƙe da kwalejin baƙaƙen fata, ta hana ta kuɗi, sannan ta juyo ta ce karatunta bai kai ba.

Medgar Evers, wakilin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, a jihar, wanda shi kansa jami'ar ta ƙi ɗauka a sashen shari'a a 1954, shi ya haɗa Meredith da lauyoyin ƙungiyar. Constance Baker Motley ce ta riƙe shari'ar, aka shigar da ƙara ranar 31 ga Mayu 1961 a kotun tarayya. Nan aka shiga makami na huɗu, wato jan lokaci. Ɗalibi ba kamar mai ƙarar gona ba ne, kowane zangon karatu da ya wuce ya wuce, kuma in aka ja shi har ya kammala digiri a Jackson State to ƙarar ta mutu da kanta, don babu sauran canjin makarantar da zai nema. Alƙali Sidney Mize ya yi ta ɗage zama. A ƙarshe, cikin Fabrairun 1962, ya yanke cewa ba a tabbatar jami'ar tana wariya ba, jami'ar da tun buɗe ta a 1848 ba a san ta ɗauki baƙar fata ko ɗaya ba.

Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyar ta rushe wannan hukunci ranar 25 ga Yuni 1962. Alƙali John Minor Wisdom ne ya rubuta, ya kuma ce abin da aka yi wa Meredith shiri ne na jinkiri da musgunawa da aka tsara da gangan. A ƙa'ida magana ta ƙare ke nan. Amma wani alƙalin wannan kotun, Ben Cameron, ɗan Misisipi, wanda ba ya ma cikin alƙalai ukun da suka saurari ƙarar, sai ya ba da umarnin dakatar da aiwatar da hukuncin. Kotu ta soke, ya sake bayarwa, har sau huɗu. Sai ranar 10 ga Satumba Mai Shari'a Hugo Black na Kotun Ƙoli ya share su duka.

Daga nan sai jiha ta bar takarda ta koma ga ƙarfi. Gwamna Ross Barnett ya fito talabijin ranar 13 ga Satumba yana iƙirarin cewa jiha tana da ikon shiga tsakanin 'yan ƙasarta da umarnin tarayya, iƙirarin da Kotun Ƙoli ta riga ta yi watsi da shi a 1958, a shari'ar wariyar makarantun garin Little Rock na jihar Arkansas. Aka tono wata tuhuma cewa Meredith ya yi ƙarya wajen rajistar zaɓe game da gundumar da yake zaune, wata ƙaramar kotu ta yanke masa ɗaurin shekara guda ba ya nan, majalisar jiha kuma ta yi dokar gaggawa mai hana masu irin wannan laifi shiga jami'a. Kotun tarayya ta hana aiki da duka biyun. Hukumar jami'o'in jiha, don ta tsira daga laifin raina kotu, sai ta miƙa wa Barnett ikon rajistara. Ya tare Meredith da kansa ranar 20 ga wata a Oxford da ranar 25 a Jackson, mataimakinsa Paul Johnson ya tare shi ranar 26. Ranar 28 kotu ta sami Barnett da laifin raina ta, ta sa masa tarar dala 10,000 a kullum in bai janye ba, washegari kuma ta sa wa Johnson dala 5,000.

Abin lura a nan, kotu ba ta da dakarunta. Tana iya yanke hukunci, amma wanda zai riƙe hannun ɗalibi ya kai shi teburin rajista yana ƙarƙashin shugaban ƙasa ne. Kafin dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ma, gwamnatin tarayya ba ta da hurumin shigar da ƙarar wariyar makaranta da kanta, sai mutum ɗaya ya sa sunansa da wuyansa, jami'a bayan jami'a.

Malam_Garba_Tudu

Barista ta kai mu bakin ƙofa, bari in ɗora da daren Lahadi, 30 ga Satumba.

A ganina tushen ɓarnar shi ne gwamnatin Kennedy ta gina shirinta a kan alƙawarin Barnett. Shugaba John Kennedy da ƙaninsa Robert, wanda shi ne ministan shari'a, ba sa son a ga sojoji a Kudu kamar yadda aka gani a Little Rock a 1957, don suna buƙatar ƙuri'un 'yan majalisar yankin. Saboda haka suka yi ta magana da Barnett ta waya a asirce. Har an taɓa shirya wani wasan kwaikwayo ranar 27 ga wata: jami'an tarayya su zaro bindigogi a gaban 'yan jarida, shi kuma gwamna ya kauce, ya ce an fi ƙarfinsa. Da taron jama'a ya yi yawa a Oxford aka ga abin zai iya zama harbin gaske, sai aka juyar da ayarin a hanya. Daren Asabar kuma Barnett ya tsaya a filin ƙwallo a Jackson ya zuga dubban mutane. Ranar Lahadi sai da Robert Kennedy ya yi masa barazanar tona maganganunsu na sirri a talabijin kafin ya yarda a shigo da Meredith a ranar, bisa sharaɗin 'yan sandan jiha za su tsare jama'a.

Ga yadda aka jera mutane. Jami'an tarayya sun haura 500, amma ainihin mashal, wato jami'an da ke aiwatar da umarnin kotun tarayya, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mafi yawa masu tsaron iyaka ne, sauran gandirobobin kurkukun tarayya, aka rantsar da su na wucin gadi, aka ba su farar hular kwano da bindigar harba barkonon tsohuwa. James McShane ne shugabansu, Nicholas Katzenbach mataimakin ministan shari'a shi ke jagorancin aikin. Da yamma aka sauko da Meredith da jirgi, aka shigar da shi ɗakin kwanan ɗalibai na Baxter a can gefen harabar, aka bar masa masu gadi 24. Sauran jami'an kuwa aka sa su kewaye Lyceum, tsohon ginin mulkin jami'ar mai manyan ginshiƙai, inda ofishin rajistara yake.

Wannan jeri ya yi amfani ta fuska ɗaya, ya yi ɓarna ta ɗaya. Jama'a sun zaci Meredith yana cikin Lyceum, don haka ba su nufi Baxter da ƙarfi ba. Amma Lyceum shi ne ginin da 'yan jami'ar suka fi ji da shi, kuma gabansa fili ne mai itatuwa da duhu. Jami'ai suna tsaye a haske, masu jifa suna cikin duhu. Kusa da wurin ana gina sabon ginin kimiyya, ga bulo da ƙarafa jibge. Aka fara da zagi da ƙwai da guntun sigari a kan tamfol ɗin motoci, aka koma bulo da bututun ƙarfe da kwalaben fetur. Wajen ƙarfe takwas na dare McShane ya ba da umarnin harba barkonon tsohuwa, daidai lokacin da Kennedy ya fara jawabi a talabijin yana cewa an shigar da Meredith, bai ma san abin ya ɓarke ba.

Sai 'yan sandan jiha suka janye. Da suka bar ƙofofin harabar, mutanen waje da suka yi kwanaki suna kwararowa daga Misisipi da maƙwabtan jihohi suka shigo da bindigogin farauta. Cikinsu har da Edwin Walker, tsohon manjo janar, wanda shi ne ya jagoranci sojojin da suka kare ɗalibai a Little Rock, yanzu kuma ya koma yana zuga 'yan tarzoma. An ƙwace motar kashe gobara da katafila an nufi layin jami'ai da su. An riƙa harbi daga duhu. Barkonon tsohuwa ya kusa ƙarewa, sai da aka yi ta fafutukar shigo da ƙari. Jami'ai sun nemi izinin mai da wuta, Fadar White House ta hana, kuma Katzenbach yana magana da Washington ne ta wayar kuɗi da ke cikin ginin, wadda aka bar layinta a buɗe dukan dare. Hana harbin nan, duk da tsadarsa, shi ya sa gawarwakin ba su fi haka ba.

Sojoji kuwa an ajiye su ne a Memphis, wajen kilomita 130 daga Oxford, don kada a ce an mamaye jihar. Tsakanin ba da umarni da isowarsu aka ɗauki sa'o'i. Waɗanda suka fara isowa 'yan rundunar tsaron jiha ne na garin Oxford, waɗanda Kennedy ya mayar ƙarƙashin tarayya, mutum sittin da 'yan kai, ƙarƙashin Kyaftin Murry Falkner. 'Yan gari ne, maƙwabtansu suka yi musu ruwan bulo, shi kansa Falkner aka karya masa hannu. 'Yan sandan soja daga Memphis ba su iso ba sai bayan ƙarfe biyu na dare.

An kashe Paul Guihard, ɗan jarida Bafaranshe na kamfanin dillancin labarai na AFP, an harbe shi a baya daga kusa, da Ray Gunter, saurayi ɗan shekara 23 mai gyaran akwatin kiɗa wanda kallo ya kawo shi. Ba a hukunta kowa kan kisan ba. Jami'an tarayya wajen 160 sun ji rauni, 28 daga harsashi. An kama sama da mutum 200, mafi yawansu ba ɗalibai ba. Jimillar sojojin da aka tura yankin ta kai wajen 30,000. Da safe, wajen ƙarfe takwas, aka kai Meredith Lyceum, rajistaran nan Ellis ya yi masa rajista, ya wuce ajinsa na farko, darasin tarihin Amurka na zamanin mulkin mallaka, hayaƙin barkono bai gama washewa ba.

Sagiru_Fagge

Na gode ƙwarai, Barista da Malam Garba. To an hukunta Barnett kuwa? Kuma saura zancen zamansa a cikin jami'ar.

Barista_Hadiza

Ba a hukunta shi ba. Bai biya tarar ba, bai kwana a kurkuku ba. An buɗe masa tuhumar raina kotu ta manyan laifuka, aka yi ta jan ta har Kotun Ƙoli kan ko yana da haƙƙin a yi masa shari'a gaban masu taya alƙali, a 1965 kotun ɗaukaka ƙara ta kori tuhumar. Paul Johnson kuwa da hoton tare Meredith ya yi kamfe ya ci gwamna a 1963.

Malam Garba, ina da ɗan ja kan ɗora laifin duka ga dogaro da Barnett. Ko da ya cika alƙawari, jawabansa na makonni biyu sun riga sun tara mutanen da shi ma ba zai iya sallama ba.

Hajiya_Mairo_Zinder

Malam Sagiru, ɓangaren da ka tambaya na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, alhali shi ne ya fi tsawo.

Meredith bai taɓa tafiya aji shi kaɗai ba. Mashal suna biye da shi, motar sojoji tana gaba ko baya, wasu suna kwana a Baxter. Wannan ya kare ransa amma bai hana a gallaza masa ba, domin mai gadi yana iya tare harsashi, ba ya iya tilasta wa ɗalibi ya amsa gaisuwa. Waɗanda ke ɗakin da ke saman nasa sukan yi ta buga ƙwallon kwando a daɓe har gari ya waye. Ana jefa abin fashewa na wasa ta wajen tagarsa. In ya shiga ɗakin cin abinci sai a juya masa baya, in ya zauna a tebur sai na kusa su tashi. Wasu ɗalibai farar fata da suka zauna suka ci abinci tare da shi, an farfasa musu ɗaki. Sidna Brower, editar jaridar ɗalibai, ta rubuta sharhi tana Allah wadai da tarzomar, majalisar ɗalibai ta tsawata mata a hukumance. Farfesa James Silver na sashen tarihi, wanda ya fito fili yana hulɗa da shi, matsin lamba ya sa ya bar jami'ar ya koma Jami'ar Notre Dame. Manufar ke nan: ba shi kaɗai ake horo ba, ana nuna wa duk wanda zai matso kusa da shi farashin yin haka. Matarsa da ɗansa suna Jackson, kuma a Disamba aka yi harbi cikin gidan iyayensa a Kosciusko.

Wani abin takaici, rundunar sojan da ta zo kare shi ta cire baƙaƙen sojojinta daga sintiri a kwanakin farko don kada ran 'yan gari ya ɓaci. Meredith ne ya fito ya yi ƙorafi a kai, aka gyara.

A Janairun 1963 ya sanar cewa ba zai yi rajistar zango na biyu ba in yanayin bai canja ba, a ƙarshen watan kuma ya ce zai dawo. Abubuwa biyu suka taimaka masa ya kai ƙarshe. Shekarunsa 29, ya yi shekara tara a soja, ba yaro ne da ya fito daga sakandare ba. Sannan ya zo da darussa masu yawa da ya riga ya ci a soja da Jackson State, saura kaɗan ya rage masa. Ya karɓi digirinsa na kimiyyar siyasa ranar 18 ga Agusta 1963. Barnett ya so a riƙe takardar, amma hukumar jami'o'i ta ƙi da ƙaramin rinjaye, don ƙungiyar tantancewa ta riga ta gargaɗi jihar kan katsalandan ɗin 'yan siyasa, kuma in aka janye amincewa to digirin 'ya'yan farar fata ma ya zama takardar banza.

Don a gane cewa tsaron nan shi ne ya raba, a dubi waɗanda ba su same shi ba. Clennon King ya je rajista a wannan jami'a a 1958, aka kama shi aka kai asibitin mahaukata na jiha. Clyde Kennard ya nemi shiga kwalejin Mississippi Southern, aka ƙulla masa sharrin satar abincin kaji na dala 25, aka ɗaure shi shekara bakwai a kurkukun Parchman, ya rasu da ciwon daji a 1963, sai 2006 aka wanke sunansa. Autherine Lucy ta shiga Jami'ar Alabama ranar 3 ga Fabrairu 1956, bayan kwana uku aka dakatar da ita wai don kare lafiyarta, daga baya aka kore ta. Dabarar a nan ita ce a bar tarzoma ta tashi, sannan a cire wanda aka zalunta da sunan zaman lafiya. An gwada ta a Jami'ar Jojiya a Janairun 1961 kan Charlayne Hunter da Hamilton Holmes, amma Alƙali William Bootle ya ba da umarni a mayar da su cikin 'yan kwanaki. Shi kuwa Cleve McDowell, baƙar fata na biyu a Jami'ar Misisipi, ya shiga sashen shari'a a Yunin 1963, watan da aka harbe Medgar Evers a ƙofar gidansa. Da Meredith ya gama aka janye masu gadi, McDowell ya riƙa ɗaukar ƙaramar bindiga don kare kansa, a Satumba aka kama shi da ita aka kore shi.

Malam_Garba_Tudu

Barista, na karɓi gyaranki rabi. Hujjata ita ce kwalejin Clemson a Karolina ta Kudu, wata huɗu kacal bayan Oxford. Su ma sun yi shari'a har ƙarshe sun sha kaye, amma da hukunci ya fito sai gwamna mai barin gado Ernest Hollings ya gaya wa majalisa a bi doka, 'yan kasuwa suka mara masa baya, 'yan sandan jiha suka tsare hanyoyin shiga, aka tsara wa 'yan jarida inda za su tsaya. Harvey Gantt, ɗalibi baƙar fata na farko a can, ya yi rajista ranar 28 ga Janairu 1963 ba a fasa ko gilashi ba. A Alabama kuma, ranar 11 ga Yuni 1963, Gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofar shiga ginin rajista na jami'ar jihar ya yi jawabinsa, amma ya riga ya gaya wa magoya bayansa su zauna gida, ita ma tarayya wannan karon ta shirya dakarun tsaron jiha tun da wuri. Vivian Malone da James Hood suka yi rajista a ranar.

Malam Sagiru, ƙarin bayani da zai ba ka sha'awa: bayan ya gama, Meredith Najeriya ya zo, ya yi karatu a Jami'ar Ibadan tsakanin 1964 da 1965, sannan ya koma ya yi digirin shari'a a Jami'ar Columbia ta Amurka a 1968. A tsakanin nan, a Yunin 1966, aka harbe shi da bindigar farauta kusa da Hernando a rana ta biyu ta tattakin da ya fara daga Memphis zuwa Jackson, ya warke ya koma cikin tattakin kafin a kai ƙarshe.

Barista_Hadiza

Abin da ya sauya lissafi ga sauran jami'o'i shi ne dokar 1964, wadda ta ba tarayya ikon yanke kuɗi ga duk makarantar da ke wariya, ta kuma ba ministan shari'a ikon kai ƙara da kansa. Amma a Misisipi zancen bai mutu nan ba. A 1975 aka shigar da wata ƙara kan yadda jihar ke fifita tsofaffin jami'o'in farar fata wajen kuɗi da sharuɗɗan shiga, Kotun Ƙoli ta yanke a 1992 a shari'ar Fordice cewa buɗe ƙofa kawai bai isa ba, sai an kawar da ƙa'idojin da suka samo asali daga zamanin wariya. An sasanta a 2002 kan kuɗi wajen dala miliyan 500, mafi yawa ga jami'o'in baƙaƙen fata na jihar, wato Jackson State da Alcorn State da Mississippi Valley State.